Nonon Gidan Kaka Yabawa

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu bin labarina. Rahama ce dai, ta Gure, ɗiyar Malam Umara mai lambun dabino a kwari. Wanda ya tarar da mu a tsakiya kada ya damu, abin ba shi da yawa. Akwai wani saurayi, Fannami, ma'aikacin sarbis ɗin dabbobi, wato ofishin kula da lafiyarsu. Yana sona, ina son shi, manya sun yi gaisuwa, saura a sa rana. Iyakar abin da na sani ke nan har zuwa Talatar da ta wuce. Yau kuwa in kun tambaye ni ko mene ne Fannami a wurina, wallahi sai dai in tsaya ina kallonku.

Bari in fara da gidanmu, don a nan maganar take.

A unguwarmu ana cewa ƙyanda ba ta ɗaukar ɗan gidan Kaka Yabawa. Kaka Yabawa ita ta haifi babana. Ba wai ba ma kamuwa ba ne. Ni kaina na yi ta ina ƙarama, ƙuraje suka feso mini kamar an watsa gero, bayan ƴan kwanaki na miƙe ina kukan a ba ni tuwo. Haka babana ya yi, haka yayarsa Goggo Mairamu, haka ƴaƴansu. A shekarun da ciwon kan shigo da bazara yana kwashe yara, ba a taɓa fita da gawar yaro ta ƙofarmu ba. Wasu sun ce kakan Kaka ne ya sha ruwan wata rijiya can wajen Alakoss, wadda rairayi ya binne tun tuni. Wasu sun ce akwai abin da aka binne a ƙarƙashin murhunmu, har wata maƙwabciya ta taɓa satar tokarmu a bakin zane. Babana shi cewa yake kyautar Allah ce, amma in yana faɗa yakan ɗan gyara hula.

Ni duk wannan bai taɓa damuna ba, sai da Fannami ya shigo gidanmu.

Bara ne, lokacin da annobar awaki ta zo, mai sa su majina da zawo. Yana bi gida gida yana musu lamba, wato allurar rigakafi, akwatin ƙanƙara ɗaure a bayan moto, babur ɗinsa na aiki. Inna ta ce in riƙe masa su. Ina sanye da wata tsohuwar atamfa duk ta koɗe, ɗankwalin ma na ƙanwata ne. Awakinmu na kwance jigum, sai wata doguwar akuyar Inna mai tsagaggen kunne, tana tsaye tana tuƙa kamar ba da ita ake ba.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ita ba ta ciwo."

"Ƴaƴanta fa?"

"Su ma haka."

Sai ya tsuguna yana kallonta kamar an buɗe masa fuskar amarya. Abin ya ba ni dariya, na ce, "Ai ƴar gida ce, halinmu ta ɗauko." Ya ɗago ya ce wane hali. Na ba shi labarin gidanmu. Daga nan ya bar kallon akuya ya koma kallona, kuma in gaya muku gaskiya, irin kallon ɗaya ne.

Soyayyarmu rabinta a waya aka yi ta. Aikinsa na daji ne, yau Bune gobe Alakoss, inda ba a samun rezo, waya ba ta shiga sai an hau tudun rairayi. Yakan hau can ya aiko mini saƙon murya, ina jin iska tana bugun wayar, raƙuma na gurnani a bayansa. Ƙawayena samarinsu na ce musu tauraruwa, suna ce musu hasken ido. Ni ga abin da nake samu:

"Rahama, kin san ciwon awakin nan da ƙyanda dangin juna ne? Ƙwayarsu ba ta fasa bango, ƙofa take nema. A jikin sojojin da ke cikin jini akwai wasu ƴan ƙofofi, ta nan take kutsawa. Akwai kuma wasu abubuwa kamar ƴan hannuwa, su ke kama guntun ƙwayar su ɗaga shi sama, sauran sojoji su gani su gane ɓarawo. To kowane mutum da ƙirar ƙofarsa da ƙirar hannunsa, rabi ya gado wurin uwa, rabi wurin uba. Wani hannunsa ya dace da wannan ciwo, ya cafke shi tun a zaure. Wani kuwa sai ciwon ya ci rabin gari kafin a farga."

Na saurara har sau nawa ban sani ba. Na dubi hannuna, na dubi lallen da ke jiki, ina tunanin ashe cikinsa akwai wasu hannuwan da ban taɓa gani ba, suna ta aiki ban ko gode musu ba. Na rubuta masa:

"To ni wace irin ƙofa gare ni?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa auna ku. Wataƙila gado ne. Wataƙila cimarku ce, madara da dabino ba sa yankewa a gidanku. Wataƙila sa'a ce ta daɗe tare da ku. Kuma hannun da ya iya kama wannan ciwo yana iya kasa kama wani. Ko ma mene ne, ƴaƴanmu sai an yi musu lamba."

Ƴaƴanmu! Da wannan kalmar ya nemi aurena, jama'a. Bai sake wata ba.

Mahaifiyarsa, Hajiya Hamsatu, mutuniyar Bune ce. Ta haihu da yawa, ƙyanda ta bar mata Fannami da ƙanwarsa kaɗai. Ran da aka kai ni gaishe ta, ta kama dantsena tana latsawa, ta buɗe mini ido da yatsa ta leƙa, tana ta "Masha Allahu, jinin Yabawa, jinin Yabawa." Ba ta tambaye ni ko na iya girki ba. Na dawo gida raina a jagule, na rubuta masa:

"Fannami, ni kake so ko ƙofofina?"

Ya turo fuska mai dariya da hawaye. Sai ya turo: "Ke." Zuciyata ta fara sanyi. Sai ga wani ya shigo: "Amma su ma ba zan ƙi su ba."

Na kai ƙara wurin Inna tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke dai ki gode wa Allah. Wasu don hanci ake aurensu, hancin kuma ba ya hana zazzaɓi. Miƙo mini rariya."

A haka muke, ina son shi ina zargin shi, har Talatar nan, ranar da mata suka zo daga Bune da goron sa rana.

Tun safe aka share tsakar gida, aka zuba sabon rairayi fari, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi. Inna ta turara ɗakuna har ido na yaji. Ni aka sa ni cikin lafaya mai ruwan zuma, wadda Goggo Mairamu ta ajiye mini a ƙasan akwati, aka shafe ni da turaren humra, aka ce in zauna a ɗakin Inna kada in fito. Na zauna bakin gado, labule a tsakanina da su, kunnena duk a waje. Kaka tana nata ɗakin, don idonta ya yi hazo, taro na gajiyar da ita.

Aka yi lale marhabin, aka sha fura, aka buɗe ƙwaryar goro. Hira ta yi daɗi. Hajiya Hamsatu ta saki jiki, muryarta ta fi ta kowa.

"Ni ai ba yau na san albarkar gidan nan ba," in ji ta. "Ku dai kuna ji ana faɗi, ni gani na yi. Shi kansa Fannamin, da nonon gidan nan ya tsira."

Wata ta yi dariya, ta katse a tsakiya. Na ji ludayi ya faɗa cikin ƙwarya. Daga nan ba abin da nake ji sai kurciya a kan bedi.

Inna ta ce a hankali, "Hajiya, me kika ce?"

"Nono. Na magani. Ke ba a kawo ki gidan ba tukuna. Shekarar da ƙyanda ta yi ɓarna, mun zo Gure cin rani, na binne yayansa da safe, ga shi a goye bai kai yaye ba. Mata suka ce mini in kawo shi gidan Yabawa a ɗiga masa, duk wanda ya sha ba ya tafiya. Na biyo ta ƙofar baya da rana tsaka, maza duk suna kwari. Na iske wasu matan ma a tsaye da nasu."

"Ya sha?"

"Har ya yi gyatsa, baiwar Allah. Aka miƙo mini shi yana barci."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"A'a, mene ne abin salati? Magani ne fa, ba shayarwa ba. Sau ɗaya tak. Wanda ya sha saiwa a gidan mai magani ai bai zama ɗansa ba."

Ƴan uwa, wallahi da zuciya ɗaya take magana. Duk shekarun nan a wurinta abin yana cikin sahun jiƙo da rubutu, ba ta taɓa ajiye shi a sahun zumunta ba. Yabo ta kawo mana, da shi ta zo tun daga Bune.

Inna ta ce, "Wa ya ba shi? Nonon wa?"

"To ina zan sani? Ba su bar ni na shiga ba, na fito daga gidan ciwo. Ta labule na miƙa shi, hannu ya karɓa."

A shekarar, kamar yadda na ji daga baya, mata biyu ke goyo a ɗakin nan. Kaka tana shayar da autanta, Goggo Mairamu kuma ta zo wankan haihuwar fari. Uwa da ɗiya, ɗaki ɗaya, labule ɗaya.

Aka tura kwari aka kira Baba. Ya zo da laka a ƙafa, ya ji, ya juya ya fita, ya dawo da limamin unguwa. Suka tsaya a zaure, mata suka matsa bakin ƙofa. Ni ma na fito, ba wanda ya ce in koma. Liman bai ja magana ba. Ya ce a mazhabarmu ko sau ɗaya ne, in dai ya kai ciki kuma yaro bai wuce shekarun shan nono ba, ya zama ɗa. Niyyar magani ba ta canza komai.

"In na Mairamu ya sha, ya zama ɗan goggonta, taubashinta ke nan, aure halal, sai ma abin wasa ya ƙaru. In kuwa na tsohuwa ne, to ƙanin ubanta ne. Babu aure har abada."

"Ni ce!" Goggo Mairamu ta faɗa, tun bai rufe baki ba. "Ni na ba shi. Na tuna."

Inna ta juya ta dube ta. "Yaya, ki ji tsoron Allah. Yanzun nan kika ce ba ki san Hajiya ba sai bana."

"Hajiyar ce ban sani ba, yaron na sani. Wani baƙi, mai kai."

"Duk jariran Bune baƙaƙe ne masu kai."

"To ke da ba kya nan, ke za ki gaya mini abin da ƙirjina ya yi?"

Liman ya ce a tambayi tsohuwa. Aka shiga aka tambaye ta. Kaka ta ce ita ta shayar da rabin unguwa, har da wani da ya sa kaki ya zama jandarma, ina za ta san na Bune da na Gure? Ta ce a ja mata ƙofa, haske na damunta.

Matan Bune suka tafi, goro na nan a ƙwarya, ba a raba ba, ba a mayar ba. Tun daga lokacin gidanmu ya rabu biyu, ni ce a tsakiya. Baba ya ce magana ta ƙare, yayarsa ta yi shaida, ba zai bari a ce gidan da ake zuwa neman albarka ya zama abin hira a kasuwa ba. Inna ta ce ita ba za ta goya jikan da ba ta san matsayinsa ba. Goggo ta ja ni bayan rumbu ta riƙe mini haɓa.

"Ke, kina son yaron nan?"

Na sunkuyar da kai.

"To ki rufe bakinki. Zunubin, in akwai, a wuyana. Na ɗauka."

"Goggo, kin tuna da gaske?"

Ta sake ni, ta gyara mayafi. "Na ba wasu. Me zai hana yana cikinsu?"

Fannami yana Alakoss, bai san abin da ake ba. Na ɗauki waya na ajiye, na ɗauka na ajiye. Me zan rubuta? Da wane suna zan fara?

Washegari da hantsi na kai wa Kaka fura. Tana zaune a kan buzu, ƙwallayen dabino baje a gabanta. Aikinta ke nan yanzu, tana shafa su ɗaya ɗaya, wai da yatsa take gane ko wace bishiya ce uwar kowanne, tana ware su dangi dangi. Ba wanda ya san me za ta yi da su. Na zauna ina dama mata.

"Kishiyata, an ce mijin da za ki ƙwace mini ya zama rigima," in ji ta. Haka take kirana tun ina ƙarama, wasan jika da kaka.

"Kaka, ba ki tuna ba ko kaɗan?"

"Fuska ba na tunawa. Fuskar jariri ai ba fuska ba ce. Amma ni ba wawuya ba ce, na san irin wannan ranar za ta zo. Duk wanda ya sha nawa, sai na ɗauki aska na yi masa ƴar tsaga ƙarƙashin idon sawu, a ƙafar hagu. Kamar sawun tsuntsu. In shafa baƙin tukunya. Uwayen suna tsammani cikin maganin ne."

Ludayin ya tsaya a hannuna. "Goggo fa? Ita ma tana yi?"

"Mairamu? Wadda ko kaza aka yanka sai ta rufe ido? Nata haka suke tafiya ba alama."

"To me ya sa jiya ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni ƙafa? Suna suka tambaye ni." Ta ɗaga wani ƙwallo ta shinshina. "Wannan na bishiyar bakin rijiya ne. Ƙara mini nono a furar, ta yi kauri."

Na fito. Ba wanda ya ji maganar nan sai ni. Kaka kuwa kafin azahar tana iya mantawa ta faɗa. In na yi shiru, Goggo ta rantse, Baba ya sa rana, shi ke nan. Na shiga ɗaki, na zauna kusa da akwatin da aka fara tara mini kaya, kwanukan sababbi suna ta ƙyalli. Na tuna duk zuwan da Fannami ya yi gidanmu, kullum cikin takalmin aikinsa mai rufe ƙafa, ko safa. Na san yadda yake sosa gira in yana tunani. Na san ba ya shan shayi na uku. Ƙafarsa ban taɓa gani ba.

Na kira shi. Ba ta shiga ba. Na yi saƙon murya, na goge. Na sake, na faɗi komai tun daga goro har aska, na tura. Alama ɗaya ta tsaya a wayar, ba ta zama biyu ba sai bayan azahar. Can ya kira, iska na kaɗawa, yana haki, da gani gudu ya hau tudun.

"Rahama."

"Na'am."

"Hajiya ba ta taɓa gaya mini ba."

"Akwai tabon?"

Na ji wani raƙumi yana ta ƙorafi can nesa.

"Akwai wani abu a wurin. Amma duk wanda ya yi kiwo yana yaro yana da tabo a ƙafa. Ƙaya, sartse, igiya. Ni kullum ƙaya na ɗauke shi."

"Kamar sawun tsuntsu?"

"Ban taɓa kallon shi da wannan idon ba."

"To kalle shi yanzu."

"Ba zan iya ba." Ya ja numfashi. "Ki saurare ni. Nono yana da kariya, gaskiya ne, amma ta ɗan lokaci ce, kuma kurɓi ɗaya ba ya gina mutum. Abin da ake gado ba ya bi ta nono. Ƙofofin da nake da su na Hajiya ne da na babana, ranar da aka miƙa ni ta labule da su na shiga, da su na fito. A jini ba abin da ya haɗa ni da ke."

"To me ya tsirar da kai?"

"Ban sani ba. Wataƙila abin da na gado ya bambanta da na yayana, ko a ciki ɗaya ba a raba wa kowa iri ɗaya. Wataƙila ban ma kamu ba."

"Wato nonon bai ba ka komai ba."

"A iya sanina."

"Amma zai iya raba mu."

Ni kuma kaina ya ƙara ɗaurewa. Iliminsa ya ce abin da ya sha bai zauna a jikinsa ba, ya wuce tun yana zanen goyo. Liman ya ce abin da ya sha ya zauna har ranar tashin ƙiyama. Duka biyun na yarda da su, ban ga wanda zan ƙaryata ba. Kuma ni da na yi wata da watanni ina fushi wai don jinin gidanmu yake sona, yanzu roƙon Allah nake a ce ko ɗigon gidanmu babu a jikinsa.

Ya ce, "Wa ya sani bayan ke?"

"Ba kowa."

"In muka yi shiru fa?"

"Ka iya?"

Ya ce, "Zan iya wata ɗaya. Wataƙila shekara. Amma kullum zan yi alwala, Rahama. Kullum sai na wanke ƙafar nan."

Na fashe da kuka, shi ma na ji muryarsa ta canza. Ya ce gobe zai shigo gari.

Jiya Alhamis bayan la'asar na ji tsayuwar motonsa. Bai sa kayan aiki ba, farar shadda ya sa da hula, amma takalmin nan dai mai igiya. Na riga na gaya wa Inna da safe, Inna ta gaya wa Baba, Baba ya fasa zuwa kwari. Goggo ta zo ta zauna bakin murhu ta juya mana baya, tana ta faɗa da itace.

Baba ya shigo da shi har ƙofar ɗakin Kaka. Aka fito da buzunta bakin ƙofa. Fannami ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kai ne mai awakin?"

"Ni ne, Kaka."

"An ce kana leƙa cikin jini kana ganin ƙofofi."

"A'a, Kaka, karantawa dai na yi."

"To miƙo ƙafar. Ni da yatsa nake karatu."

Ya zauna a ƙasa, shaddar nan fara a kan rairayi. Igiyar takalmin ta ƙulle, ya yi ta fama da ita. Ni ina tsaye jikin ƙofar Inna, na cusa bakin mayafi a baki. Daga inda nake ba na hango komai sai tafin ƙafarsa, fari sol, kamar na wanda bai taɓa taka ƙasa ba.

Kaka ta ɗora ƙafar a cinyarta. Ta bi diddige da babban yatsa, ta hau, ta sauka. "Wannan ƙaya ce," in ji ta. Na saki numfashi. Inna ta kama hannuna. Yatsan ya ci gaba, ya zagaya idon sawu, ya gangara ƙasa kaɗan, ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake tsayawa.

Sai fuskar Kaka ta washe gaba ɗaya, irin murnar da na daɗe ban gani a wurinta ba.

"Hannuna ne! Wallahi hannuna ne, ga yatsun tsuntsun nan. Ashe ka rayu? Kai, ɗan nan, ashe ka rayu!" Ta lalubo kansa, ta ture hular, tana shafawa tana dariya. "Umara, zo ka ga ƙaninka, ya fi ka tsawo. Allah na gode maka, ban yi asarar nonona ba."

Ba wanda ya motsa. Itacen da ke hannun Goggo ya faɗi.

"Rahama! Ina kishiyar tawa? Kina tsaye kamar icce, baƙo ya zo. Zo ki gaida ƙanin ubanki."

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba. Na ga dai ina durƙushe a gabansa, yadda nake durƙusa wa Baba da safe, idona a kan rairayi. Bakina ya buɗe da kansa.

"Ina wuni, Baba."

Na ji ya miƙe. Na ji sawunsa, ɗaya mai nauyi ɗaya marar ƙara, har zaure. Bai tada moton ba, tura shi ya yi.

Takalminsa na hagu yana nan ƙofar ɗakin Kaka, ba wanda ya taɓa shi, kaji ma zagaye shi suke. Gaisuwata kuma bai amsa ba har yanzu. Ga wayar a cinyata tun safe, sunansa a sama yadda na ajiye shi da ƴar zuciya a gefe, ban san da me zan canza shi ba. Tana nuna mini yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu. Ya tsaya.